Gari Ya Ƙare

Saƙon ya shigo wayata wajen ƙarfe goma na dare, a makon da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, cikin Satumbar 2024. Tun safe nake gaban kwamfuta a ɗakin labarai a Abuja, ina tace rahotannin gidajen da suka nutse, da fursunonin da suka tsere bayan katanga ta faɗi, da namun dajin da ruwa ya kwaso daga gidan zu. Idona ya wuni yana kallon gari a ƙarƙashin ruwa. Sai ga saƙo daga Zurgu, daga ƙanwata 'yar Baffa: "Yaya ina wuni. Kaka ta ce a gaya maka gari ya kare."

Wanda ya fito daga ƙasar Rano ya san abin da ya fara faɗo mini a rai. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, maƙwabciyarmu ce, kuma mai kallon hotunan Maiduguri a wannan mako ba ya buƙatar a tuna masa abin da ruwa yake iya yi. Na kira lambar, ba ta shiga. Na kira Baffa, wayarsa a kashe. Na fita baranda ina kai da kawowa, ina lissafa mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, wa ke iya gudu, wa sai an goya. A kira na shida ko na bakwai yarinyar ta ɗaga, muryarta cike da barci. Na ce, me ya sami garin? Ta yi jim, sannan ta tuntsire da dariya, ta ce, "Yaya, garin tuwo fa!" Can na jiyo Kaka ta karɓe wayar: "Maigida, haka ake riƙon aure? Ka bar matarka rumbu ya yi ƙasa, kai kana birni kana cin shinkafa?"

Na yi dariya gwiwoyina suna rawa, na tura abin da ya sawwaƙa, na koma kan labarin Maiduguri. Amma kalmar ta maƙale mini. Haruffa huɗu ne kacal, kuma ina furta su kullum tun kafin in iya ɗaura tazuge, sai ga shi sun hana ni numfashi na tsawon minti ashirin.

Da da baki yarinyar ta faɗa mini, da ban ruɗe ba ko na ƙiftawar ido. Yaro ɗan shekara uku a Zurgu ba ya haɗa garin da ake kwana a cikinsa da garin da ake tuƙawa. Karin sautinsu ɗaya ne, a fara da ƙasa a ƙare da sama, amma na farko wasalinsa na gaba gajere ne, baki yana wucewa da sauri, na biyu kuwa sai an ja shi. Daga nan zuwa ƙarshen wannan maƙala zan riƙa rubuta na tuwon da "a" biyu, gaari, malaman ƙa'idojin rubutu su yi mini afuwa. Kalmomi biyu ne daban, rubutun boko ne ya sa musu riga iri ɗaya. Tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa aikin Rupert East da Abubakar Imam a Zariya, zuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, an tafi a kan cewa rubutun yau da kullum ba zai nuna tsawon wasali ko karin sauti ba. Sai a ƙamus, irin na Bargery na 1934, ake sa musu alamomi. Hujjar ita ce mai harshe yana ganewa daga abin da ke kewaye da kalmar, kuma gaskiya ne, kusan kullum yana ganewa. Rubuta wa Bahaushe "gara a kai gara kafin gara ta cinye ta", zai karanta kowace gara da muryarta ba tare da ya yi tuntuɓe ba: ta shawara, da ta gidan amarya, da ta cikin suri. Ni ma da rana ta gari ce da na gane. Abin da ke kewaye da kalmar a kaina a daren nan shi ne Maiduguri.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, marigayi kakana, wanda bai taɓa zama a benci a makarantar boko ba, da bai jefa ni cikin wannan firgici ba. Wasiƙunsa da ajami yake rubuta su, kuma a ajami dogon wasali yana da harafinsa. In gaari yake nufi, sai ya sa alif bayan harafin farko. In gari ne, babu alif. Mu da muka yi digiri a aikin jarida mun gaji rubutun da ya fi nasa sauƙin bugawa a inji, amma a wannan gaɓa nasa ya fi namu kunne.

Bari in ɗan daɗe a kan gari mai gajeren wasali, domin a ganina tana cikin kalmomin da suka fi kowace kaya a Hausa. Ƙamus zai ce maka wurin zaman jama'a ne, ya fi ƙauye bai kai birni ba, jam'insa garuruwa. To, in haka ne kawai, mene ne yake wayewa idan muka ce gari ya waye? Makiyayi a tsakiyar dajin Falgore, inda babu ko bukka, shi ma gari yana waye masa. Gari yana yin lumshi, yana yin sanyi, yana ɗaukar zafi, yana yin duhu kafin hadari. A nan gari ya zama sararin da ke lulluɓe da mutum, da iskarsa da haskensa. Daga nan kuma ya zama halin da ake ciki: mai tambayar "ya gari?" ba labarin gine-gine yake nema ba, kuma mai cewa gari ya yi zafi a watan Disamba, sanye da rigar sanyi, aljihunsa yake nufi. Bahaushe bai ga dalilin raba wurin zama da yanayi da zamani ba. Inda mutane suke nan ne duniya take, saboda haka kalma ɗaya ta ishe su.

Sannan akwai "garin" da muke sawa a gaban aiki: garin gudu ya faɗi, garin neman gira ya rasa ido, garin yaya haka ta faru? Kamar aikin da mutum ya sa a gaba shi ma wani gari ne da ya shiga, tsautsayi ya same shi a ciki. Akwai kuma nagari, da nagarta. Kunnena yana jin gari a cikin nagari, wato mutumin da gari ya yarda da shi, kuma ina son abin da kunnen nawa yake ji. Amma so ba hujja ba ne, kuma nan gaba kaɗan mai karatu zai ga dalilin da ya sa na koyi tsoron asalin kalmar da ya yi mini daɗi da yawa.

Inda kalmar take da haƙora shi ne a "ɗan gari". Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana, kuma kowa ya san kishiyar ɗan gari: baƙo. A ƙaramar hukumarmu ta Rano akwai mazaɓu biyu masu suna Rurum, ɗaya Tsohon Gari, ɗaya Sabon Gari, kuma wannan tsohuwar al'ada ce: mutane su yi yawa ko wani dalili ya tashe su, su kafa sabon gari kusa da tsoho, duk dangi ne. Turawan mulkin mallaka suka ɗauki wannan suna mai sauƙi suka ɗora masa wani nauyi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya zo da ma'aikata da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu, har da Saliyo da Gwalkwas, sai wajen 1913 aka keɓe musu wuri a bayan ganuwa aka kira shi Sabon Gari. Haka aka yi a Zariya, inda yau Sabon Gari ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Sunan ya koma nufin unguwar waɗanda ba 'yan gari ba.

Sai abin ya juyo. A 1916 aka keɓe wa Hausawa fatake, masu safarar shanu da goro, unguwarsu a Ibadan, kuma sunan da ta samu shi ne dai wannan, sai dai bakin Yarabawa ya datse shi ya koma Sabo. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a can ya rubuta littafi a kanta wanda ya fito a 1969. Yau akwai Sabo a Shagamu, da Ile-Ife, da Ogbomosho, da Yaba a Legas. A Kano, Sabon Gari wurin Inyamurai da Yarabawa ne. A Ibadan, Sabo wurin Hausawa ne. Kalmar ta yi tafiya kudu, amma a hanya aka yar da "gari" ɗin aka riƙe "sabo", kuma mutum yana iya haihuwar jikoki a unguwar yana nan sabo.

Wannan ba labarin tarihi ba ne kawai a wurina. A Kano aka haife ni, a can na yi makaranta, Zurgu kuwa hutu ne da sallah da jana'iza. Duk da haka ina da takardar da muke kira indijin, wadda ta ce ni ɗan Rano ne, kuma da ita na shiga jami'a. Abokina na aji tun firamare, wanda kakansa ya zo Kano yana aikin jirgin ƙasa, wanda ya fi ni sanin lungunan birni, ya fi ni iya zaurance, sai da ya yi tafiyar yini guda zuwa wani ƙauye a gabas da bai taɓa kwana uku a jere a cikinsa ba, kafin a ba shi tasa takardar. Tsarin mulkin 1999 ya ambaci ɗan asalin jiha a sashe na 147, wajen naɗa ministoci, kuma daga irin wannan tanadi takardar take samun ƙarfinta. Ni ɗan garin da ban zauna ba ne, shi kuma baƙon garin da bai taɓa bari ba. In mun haɗu yakan gaishe ni da "ɗan gari", ni kuma in ce masa "mai gari", mu yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Yanzu sai mu ƙetare iyakar Hausa. Bayan na ba da labarin saƙon ƙanwata a wani zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, wani abokinmu injiniya, mutumin kirki mai kishin harshe, ya turo doguwar ƙasida. A taƙaice, yana cewa gari kalma ce da duniya ta ara daga Hausa. Ya je Nairobi ya ji ana ce wa mota gari. Ya je Indiya asibiti ya ga sunayen birane suna ƙarewa da "nagar". Ya ji Larabawan Sudan suna ce wa ƙauye "garya". Ya ƙare da cewa wannan hujja ce Hausa uwar harsuna ce. Aka yi ta tura masa hoton babban yatsa.

Duk abin da ya ji da kunnensa gaskiya ne. A Swahili gari mota ce ko keken ɗaukar kaya, jam'inta magari, jirgin ƙasa kuma "gari la moshi", wato motar hayaƙi. Somaliyawa suna ce wa mota "gaari", Habashawa masu Amharik suna kiran keken doki "gari". Amma hanyar da wannan kalma ta biyo sananniya ce, kuma ba ta ratsa Kano ba. Daga Indiya ta fito, inda "gari", da wata "r" mai naɗe harshe, take nufin abin hawa mai ƙafafu a Hindi da harsunan da ke kusa da shi. Fataken Gujarat sun yi ƙarnuka suna ƙetare teku zuwa Zanzibar da Mombasa, sannan tsakanin 1896 da 1901 Ingilishi suka kwaso dubban leburori daga Indiya don shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya. Abin hawan ya zo da sunansa. Mu a nan da irin waɗannan abubuwa suka zo mana, wata hanya muka bi: muka ari mota daga Turanci, muka ari amalanke daga Yarabanci, jirgi kuwa namu ne na ruwa muka ɗora shi a kan dogo, daga baya muka tura shi sama.

Ta Indiya ta biyu ta fi jan hankali, har ni sai da ta ɗan ja ni. A Sanskrit, tsohon harshen addini da ilimi na ƙasar, "nagara" ko "nagari" birni ne. Daga nan Srinagar da Ahmednagar suka sami wutsiyarsu, daga nan rubutun Hindi ya sami sunansa Devanagari. Kalmar ta bi teku gabas: a Indonesiya "negara" ƙasa ce mai gwamnati, a Malesiya akwai jiha mai suna Negeri Sembilan, mutanen Minangkabau na Sumatara suna kiran gundumarsu ta gargajiya "nagari", har sunan Angkor na Kambodiya daga can ya samo tushe. Ga nagari, ga gari, ga ma'anar birni, wa zai ƙi yarda? Sai dai "na" ɗin Sanskrit jikin kalmar ne, ba a cire shi, namu kuwa ɗan harafin mallaka ne wanda yake komawa "ta" idan mace ce: nagari, tagari. Kuma babu wani ayari, ko malami, ko kaya, da za a nuna a ce shi ya ɗauko ta tsakanin kogin Ganjis da kogin Kano.

Harsunan duniya sun kai kimanin 7,000, kuma baki ɗaya ne Allah ya yi wa ɗan Adam, sautukan da yake iya fitarwa ƙidayayyu ne. Kalma mai gaɓa biyu, baƙi da wasali, baƙi da wasali, dole ta yi karo da 'yar kamarta a wani wuri. A Japan, citta mai tsami da ake ci da ɗanyen kifi sunanta "gari", daga ƙarar da take yi a haƙori. Ma'ana ma takan dace: a Farisanci "bad" mummuna ne, daidai da Turanci, ba tare da ɗaya ya ara daga ɗaya ba. Masanin harshe R. M. W. Dixon ya tarar cewa a Mbabaram, wani harshen 'yan asalin Ostireliya, sunan kare "dog" ne, kuma ya nuna cewa daga tsohuwar kalmar harshen ta fito, ba daga Turawa ba. Kama da wane ba ta wane ba ce.

Ta Larabci ce take buƙatar natsuwa, domin a nan akwai dangantaka ta gaske. Hausa da Larabci 'yan babban gida ɗaya ne na harsuna, shi ya sa masana suke haɗa mutu da "mata" ta Larabci, suna da "ismu", a matsayin gado daga kaka ɗaya mai nisa. Bayan gado kuma akwai aro na ɗaruruwan shekaru. Kalmar Larabci ta ƙauye ko gari, wadda Larabawan Sudan da Shuwa suke furtawa da "g", Hausa ta are ta a fili, kuma tana nan da ranta: alƙarya. Ta shigo da "al" ɗinta a ka, kamar alƙali da alƙalami da alƙibla, alamar cewa ta bakin malamai da littattafai ta biyo. (Cire mata "al" ka ga abin da ya rage, na sha tsokanar abokina injiniya da wannan.) Wanda ya ce gari ma daga can take, to ya nuna mana sawunta, kamar yadda Joseph Greenberg ya yi a 1960 da kalmar kasuwa: "suk" ta Larabci ta shiga Barebari, suka ɗora mata "ka" irin nasu ta zama "kasugu", sannan ta iso mu. Kowane zango an san shi, kowane sauyin sauti yana da dalili, kuma tarihin Borno da ƙasar Hausa ya goyi bayan tafiyar. Haka asalin kalma na gaskiya yake, yana da sawu.

Ba na faɗin wannan daga kan tudu. A shekarata ta farko a aiki na rubuta, cikin wani sharhi da aka buga, cewa boko daga "book" ta Turanci take. Kowa haka yake faɗa, manyan jaridun duniya haka suke rubutawa, kuma ya yi daɗin faɗa. Ashe tun 2013 Paul Newman ya riga ya nuna cewa boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaskiya ba, irin amaryar boko da ake sawa a madadin ta ainihi, kuma sunan raini ne kakanninmu suka laƙaba wa karatun Nasara. Da "book" muka ara, da buku za mu ce, kamar yadda "cook" ya zama kuku, kuma kamar yadda masu Lingala da Indonesiya suke cewa buku har yau. Kuskuren nan ba ƙarami ba ne, domin ya ɓoye wa masu karatuna abin da ya fi muhimmanci a labarin: cewa zargin yana cikin kalmar tun ranar da aka raɗa ta. Wani dattijo malamin jami'a ya kira ni ya gyara mini cikin ladabi, ya ce, "Ɗana, aikinku tantance labari ne, to kalma ma labari ce." Ban sake ba.

Abin ban dariya shi ne, abokina ya tafi Indiya da Kenya neman ɗaukakar Hausa, ya tsallake wadda take gabansa a kwano. In akwai garin da yake da hujjar tafiya mai ƙarfi, to gaari ne, na tuwo, wanda ba wanda yake yi wa kirari. Daga Legas zuwa Kwatano, Lome, Akara, har Firitawun da Duwala, abincin da ake yi da rogo, a gurza, a matse a buhu ya yi tsami, a tankaɗe, a soya, sunansa gari. Yarabawa haka suke cewa, masu Ewe suna cewa "gali", Turancin Nijeriya yana rubuta shi da "r" biyu, Faransancin Benin da Togo da guda ɗaya. Rogon kansa baƙo ne: daga Kudancin Amurka ya fito, 'yan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka tun ƙarni na 16. Dabarar sarrafa shi ta wannan hanya kuwa masana tarihin abinci suna danganta yaɗuwarta da 'yantattun bayin da suka dawo daga Burazil a ƙarni na 19, musamman bayan tawayen Musulmi na Bahiya a 1835, suka zauna a Legas da Wida da Foto Nobo. A cikin bayin Bahiya akwai Hausawa masu yawa, har su suka jagoranci wasu tawayen farkon ƙarnin. Masu bayani da dama suna mayar da sunan abincin ga gaari na Hausa, kuma a nan, saɓanin Sanskrit, abubuwa sun jeru: ma'anar ɗaya ce, abin da aka mayar gari-gari, sautin ya dace, har karin ƙasa-sama yana nan a bakin Yarabawa, kuma hanyar a buɗe take, wadda fataken goro suka bi, wadda ta kai albasa da lafiya da wahala da suya cikin Yarabanci.

Sai kuma ya dawo mana gida da sabon suna. A Kano ba ma ce masa gari kawai, domin a wurinmu gaari yana da yawa: na dawa, na masara, na gero, na alkama, na kuka, na ɗanwake, har na magani. Sai muka ce garin kwaki, ko garin rogo. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san shi a ƙasan akwati, da sukari da ƙuli-ƙuli, a ranakun ƙarshen zango da komai ya ƙare. In an tuƙa shi ya zama teba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, kuma wannan gaari shi ne yake riƙe da cikin miliyoyin mutane. A lokaci guda kuma, garin alkamar kamfani da ya zo mana a buhu, sai muka ƙi ba shi sunanmu, muka ari na Turawa muka ce fulawa.

Na je Zurgu bayan sati uku da saƙon nan, an fara karyar masara. Abin da ban ce wa Kaka ba, kuma ita ma ba ta ce mini ba, shi ne wasan da ta yi mini a waya ba wasa ba ne gaba ɗaya. Satumba dama wata ne mai wuya a ƙauye, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai shigo ba. Amma na shekarar ya fi na kullum. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin niƙa a inji ya tashi, kuɗin taki ya tashi, kuɗin motar kai kaya kasuwa ya tashi, kuma wata guda kafin saƙon, a ranar 1 ga Agusta, matasa suka cika titunan Kano suna zanga-zangar yunwa. A gidanmu na ga turmi da taɓarya sun dawo aiki, waɗanda tun ina yaro aka jingine su. Da daddare na zauna a dandali na ƙirga sa'o'ina da na sani. Wannan yana Legas yana tura baro, wancan yana Abuja yana gadi, biyu suna Fatakwal, ɗaya an ce ya nufi Aljeriya ta Agadas. Ba ci-rani suka tafi ba, domin damina ce, kuma gonakinsu suna nan. Baffa ya ce tun bara ba su dawo noma ba, sai dai su turo.

A kan hanyar komawa, bayan an wuce mararrabar da ake juyawa Garun Malam, wanda mutane da yawa suke rubutawa Garin Malam alhali garu ne, katanga, sai na sake buɗe saƙon. Ƙamus ya ba ni gaskiya cewa kalmomin biyu ne, kuma na kwashe makonni ina gaya wa abokaina haka. Amma abin da na karanta da kuskure a daren nan, shi na gani da idona a dandali, sai dai ba ruwa ne yake yinsa ba, kuma ba a dare ɗaya ba.

Na roƙi ƙanwata ta daina rubuto mini saƙon Kaka, ta riƙa danna mata wayar ta faɗa da bakinta. Na farko da ya iso, daƙiƙa arba'in ne, rabinsa kukan awaki da muryar wata maƙwabciya tana sallama. Kaka ta ce masara ta shigo, an kai niƙa, gaarin ya yi laushi. Ta ce ɗan wajen Gwaggo ya dawo daga Legas da ciwon ƙirji, in nemo masa magani. Ta ce in gaida kishiyarta, wato matata, in gaya mata ta rage mini gishiri. Sannan ta tambayi yarinyar ko abin yana ji har yanzu, yarinyar ta ce yana ji, sai ta matso da bakinta ta ce, "To Maigida, ya garin naku?"